Abin da Koren Haske Bai Nuna Ba

Satin da ya wuce, bayan mun fito daga tiyata, na ji ɗaya daga cikinku tana gaya wa ƙawarta a bakin famfo wai aikin nan ba shi da wuya: a yi wa mace allura, a danna maɓalli, ciwo ya haska kore, likita ta cire. Ni ma haka na ɗauka shekarar da na fara. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku ɗaliban jinya da aka turo mana koyon aiki. Ban girme ku da yawa ba. Shekarata tara a ɗakin tiyata a nan Haɗeja, shida daga ciki da kyamara a hannuna.

Ciwon da muke nema sunansa endometiriyosis. Mata ba su da wani suna da suke kiransa, sai dai su ce ciwon mara, su haɗa shi da sauran. Akwai wani lallausan nama da ke shimfiɗe a cikin mahaifa, wanda ke zubewa duk wata. A jikin wasu matan irinsa kan tsiro a waje: a kan ma'ajiyar ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji da mafitsara. Duk wata shi ma sai ya kumbura ya yi jini, amma jininsa ba shi da ƙofar fita. Sai ya kwanta a ciki, ya zama tabo, ya manne wannan da wancan. In zan yi wa matan ƙauye bayani, misalin ciyawar kacala nake ba su, yadda take fitowa inda ba wanda ya shuka ta, ta toshe hanyar ruwa, gonar gaba ta bushe, ta baya ta nutse. Ban taɓa samun wadda ta ce ba ta gane ba.

Aikin farko da aka ba ni shi ne naɗe igiyar haske. Injin yana tsaye ne a kan tayoyi kamar doguwar kabad, da allo a samansa. Daga jikinsa igiya ke fita ta kai haske cikin wani siririn ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa, wanda ake zurawa ta cibiya bayan an hura wa cikin iska ya tashi kamar rumfa. A gindin ƙarfen kyamara take. Cikin igiyar nan zaren gilashi ne, sun fi gashi sirantaka, in kika lanƙwasa ta da ƙarfi sai su kakkarye ba ki ji ƙara ba, gobe a kunna a ga hoto ya yi duhu. Sista Mairo, shugabar nas-nas na tiyata, ita ta koya mini. Sau uku ta kwance naɗina a ranar.

"Ba igiyar guga ba ce," in ji ta. "Naɗe ta kamar kina kwantar da jariri."

Wata biyu ban taɓa mara lafiya da kyamara ba. Sista ta samo kwalin taliya ta huda shi wuri uku, ta zuba wake da gyaɗa a ciki ta rufe. Ni na riƙe kyamara, ita ta riƙe dogon hantsaki tana tsince waken, idonmu duka a kan allo. Abin da ba a gaya muku shi ne, in kika kai hannu dama hoto hagu yake tafiya. In kika ɗan murɗa wuyan hannu, duniyar cikin ta karkace, likita ta yanka inda ba ta yi niyya ba. In gilashi ya yi sanyi sai ya yi hazo da zarar ya shiga ɗumin jiki, shi ya sa kullum akwai filas na ruwan zafi a gefena, nakan tsoma bakin ƙarfen kafin in miƙa. Kuma mai riƙe kyamara ba ta kallon abin da ya ba ta sha'awa. Inda hannun likita zai je take kallo, tun kafin ya je.

A nan na fi shan faɗa. Ni mai yawan tafiya ce a zaune. Cikin mutum yana da kyau, ba wanda ya taɓa gaya mini haka a makaranta. Hanji yana motsi a hankali kamar ruwan kogi da rani, jijiyoyi sun bazu kamar rassan tsamiya. Sai in tsaya kallo.

"Safiya, ke kina nan, hankalinki yana dausayin Baturiya wajen tsuntsaye," Sista ta kan ce. "In sun gama shan ruwa ki dawo mana."

Baba Sale, mai sa marasa lafiya barci, sai ya yi dariya daga can wajen kan gado. Aminin mahaifina ne tun suna makarantar allo, shi ya yanka ragon sunana. Ranar da na fara aiki ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yau ga 'yar Malam da hular tiyata. Jiya-jiya kika yi mini fitsari a babbar riga." Tun daga ranar, in zan yi magana a gabansa sai na sunkuyar da kai, ko da takunkumi a fuskata.

Dakta Bilkisu ce ta kawo aikin koren haske, bayan ta dawo daga ƙarin karatu. Da wani rini ake yin sa, yana zuwa ne a ƙaramar kwalba, gari ne kore mai duhu kamar garin kuka. Ana dama shi da ruwan allura, a tura ta jijiyar hannu, jini ya kwashe shi ya zaga jiki. In aka danna maɓalli, injin ya canza zuwa wani haske da idon mutum ba ya gani, sai duk inda jini ke gudana ya haska kore a allo. Sabon tsiron ciwon nan yana tara ƙananan jijiyoyi a kewayensa, don haka yakan fi maƙwabtansa haske, har wanda farin haske ya ɓoye. Amma rinin yana da halinsa. Ba ya son rana, a duhun kabad yake zama. In an dama shi, sa'o'i kaɗan ne ya lalace, shi ya sa muke haɗa mata uku a kwalba ɗaya, a yi musu a rana ɗaya. Akwai gishirin aidin a cikinsa, sai an tambayi mace ko wani magani ya taɓa sa ta kumburi. Kuma ta hanta yake fita, don haka sai an gaya mata kada ta firgita in ta ga bayan gidanta ya yi kore kwana ɗaya. Na taɓa mantawa ban faɗa ba. Washegari wata tsohuwa ta tare ni a baranda tana tambayar ko miyar kuka muka ɗura wa 'yarta.

Mace ta farko da na ga koren a cikinta wata malamar firamare ce daga cikin gari. Shekara goma sha ɗaya tana fama. An yi mata hoto ba adadi, kullum a ce lafiyarta lau. Muka shiga da farin haske, Dakta ta duba ko'ina, babu komai sai ɗigo biyu. Ta ce Baba Sale ya tura rinin. Ba a yi minti ɗaya ba koren ya fara shigowa daga gefen allo, kamar yadda ruwan farko ke bin kwalbatin fadama, ya cika manyan jijiyoyi, ya gangara ƙanana. Sai ga su nan a bangon ƙugu, ƙananan tsibirai masu haske, wajen bakwai, kamar an yafa irin shinkafa ya tsiro. Dakta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta cire.

Da malamar ta farfaɗo muka nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ku wanke mini shi a takarda."

"Me za ki yi da shi, Malama?"

"Zan kai wa maigidana da hedimasta. Su ga ba lalaci ba ne."

Matanmu kusan duk haka suke zuwa. An ce wa yarinya in ta yi aure zai daina. Ta yi aure an ce in ta haihu zai daina, haihuwar kuma ta ƙi zuwa. Ta sha kanwa, ta sha jiƙo da sassaƙe, an yi mata turare an ce iska ce. Kafin ta iso gare mu ta koyi yin shiru. Kuma ba mace da ke zuwa asibiti ita kaɗai. Da uwar miji take zuwa, ko yayar miji, su zauna kusa da ita a benci, kuma ba mai ƙarfin halin cewa babba ya fita waje. A gabansu muke tambayar abin da mace ba ta iya faɗa wa uwar da ta haife ta.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce shekarar babban ruwa. Kogi ya ƙetare jinga, ya cinye shinkafa tana gab da nuna. Hanya ta yanke a wurare da yawa, motar da ke kawo mana kaya daga Kano ta daina zuwa. Mutanen ƙauyuka suka cika azuzuwan makarantu da tabarminsu da awakinsu. Asibiti ya cika da masu zazzaɓi da amai da gudawa, aka kwashe rabinmu aka kai can. Janareta sai a kunna shi sa'o'i kaɗan da safe. Kwalaben rini suka yi ta raguwa har saura ɗaya. Dakta ta ɗauko sunayen matan da ke jira ta zaɓi uku. Ta ukun ita ce Ladi.

Ladi daga wani ƙauye take a bayan Miga. Sana'arta turara shinkafa, ta shanya, a kai inji. Shekararta shida da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Da kwale-kwale aka fito da ita zuwa inda babur ke iya tafiya, tare da uwar mijinta, wata doguwar tsohuwa mai fara'a da kowa ke kira Inna. Kada ku ɗauka muguwar suruka ce. Ita ta matsa wa ɗanta a kawo Ladi, ita ke ɗumama mata dutse ta naɗe a zane ta ɗora mata a mara in ciwon ya tashi. Ni na ɗauki bayanin Ladi, Inna na zaune a gefenta.

"Ina ne yake miki ciwo?"

Ta nuna mara.

"Bayan nan fa? Baya, ko wajen fitsari, ko in kin zaga?"

Ta saci kallon Inna, ta mai da ido kan yatsunta da suka sha lalle. "Da sauƙi."

"Ai wannan ko wuta ta taka sai ta ce da sauƙi," in ji Inna. "Rubuta mara kawai, 'yar nan. Nan take riƙewa."

Na rubuta mara. Dakta ta duba ta, hoton da aka yi ya nuna ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai ta hagu, aka tsai da magana a kan haka.

Ranar aiki, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, an gama da mata biyu. Na je na turo Ladi. Daga ɗakin kwanciya zuwa ƙofar tiyata akwai doguwar baranda, nan ne kaɗai mace ke rabuwa da 'yan rakiya. Muna tsakiyarta ta kama hannun rigata.

"Sista, in faɗa miki wani abu?"

Na tsai da gadon na sunkuya.

"In ina al'ada, in na zaga bayi, kamar ana tsaga ni da reza. Har jini nake gani ta can. Sai na ciji zane." Ta rufe fuska da gefen mayafi. "Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na san ma'anar abin da na ji. Na karanta shi, na ci jarrabawa a kansa. Alama ce ta cewa ciwon ya nutsa cikin ƙarshen hanji, can ƙasa bayan mahaifa. Na ce mata, "Kwantar da hankalinki, zan faɗa wa likita."

Na tura ƙofa. Dakta tana ciki ta riga ta sa riga da safar hannu, tana cewa mu yi sauri kafin a kashe janareta. Sista Mairo tana jera kayan aiki. Baba Sale yana tsaye wajen kan gadon, tsakanina da Dakta, yana duba yatsun Ladi.

"Amarya, wannan lalle haka, biki kika zo?" ya ce mata. "Na'urata ba ta gani ta cikinsa. Kawo kunne." Ya maƙala mata abin auna numfashi a kunne, ya juyo gare ni. "'Yar Malam, akwai wani abu?"

Kalmomi huɗu ne ko biyar. Al'ada, bayi, jini, dubura. Na buɗe baki a bayan takunkumi, na dubi furfurar da ta leƙo ta gefen hularsa, na ce, "Babu, Baba."

Na gaya wa kaina zan raɗa wa Dakta in ya juya. Bai juya ba, ɗakin kuma ƙarami ne. Sannan na gaya wa kaina ai ba sai na faɗa ba, kyamara tana hannuna, in an tura rini abin zai haska da kansa, Dakta ta gani da idonta. Koren zai faɗa a madadina.

Muka shiga. Ƙullutun hagu yana nan, cike da tsohon jini kamar narkakken cakulan. Dakta ta zuƙe shi, ta ɓare bawonsa. Aka tura rini. Koren ya zo yadda ya saba, ya fito da tsiro biyar a gaban mahaifa da saman mafitsara, masu kyau, masu haske. Na kai kyamara baya. Can ƙasa inda hanji ya jingina da bayan mahaifa babu haske ko kaɗan. Wuri ne shafaffe, mai duhu, ya ɗan motse kamar bakin jaka da aka zuge.

Ga abin da nake so ku riƙe. Koren jini yake bi. Sabon tsiro mai jini ne, yana haskawa. Tsohon ciwo da ya shekara yana cin wuri ya zama tabo mai tauri, jini ba ya ratsa shi sosai, yakan fito baƙi, ko ya ɓuya ƙarƙashin lafiyayyen nama. Wanda ya fi daɗewa yana azabtar da mace shi ne wanda ya fi ƙin haskawa. Na san wannan ma a ranar.

Na tsai da kyamara a wajen na ɗan lokaci, ina fatan Dakta ta tambaya. Ta duba, ta taɓa da bakin hantsaki.

"Ɗan mannewa ne," ta ce. "Ta yi ƙorafin wani abu ta baya?"

"A takarda mara kawai aka rubuta," in ji Sista Mairo.

Ni na rubuta takardar. Ni ce kuma nake tsaye da amsar a bakina. Baba Sale yana gyara ledar ƙarin ruwa, tazarar hannu ɗaya daga kafaɗata.

"Safiya, dawo da mu gaba, koren yana gudu," in ji Dakta.

Na dawo da mu gaba. Ta cire biyar ɗin nan tsaf, aiki mai kyau, aka saki iska, aka ɗinke ƙananan ƙofofi uku. Ba a fi minti goma da gamawa ba aka kashe janareta.

Dakta ta fita baranda ta sami Inna da mijin Ladi, wanda ya iso da safen. Ta nuna musu hoto a wayarta, ga kore kafin aiki, ga wuri fes bayan aiki. Ta ce, "Duk abin da muka gani mun cire." Inna ta ɗaga hannu sama tana godiya, ta ce Allah ya yi wa Dakta albarka, ya yi mini, ya ba ni miji nagari. Bayan kwana uku suka koma.

Ba zan ce muku da na yi magana da an cire shi a ranar ba. Aikin hanji yana buƙatar shiri, da likitan hanji a kusa, da wutar da ba za ta ɗauke ba. Amma da Dakta ta sa yatsa ta duba, ta taɓa ƙullutun da ke jikin hanjin, ta auna girmansa. Da ta fito ta ce musu an yi rabi, saura rabi a Kano. Kuma da sun kai ta, don a ranar duk abin da Dakta ta ce za su yi.

Ladi ta dawo bayan wata huɗu, ruwa ya janye, ana shukar alkama. Ta rame. Inna tana ta ba da labarin yadda ta nuna wa duk ƙauyen hoton. Dakta ta tambayi Ladi jiki, ta ce da sauƙi. Ba ta dube ni ba. Na ce zan kai ta a auna nauyinta, na ja ta ɗakin ajiye kaya na rufe ƙofa.

"Na gaban ya ragu," ta ce. "Wancan yana nan yadda yake. Likita ta ce ba ya ciruwa ne?"

A ranar na gaya wa Dakta, a ofishinta, Sista Mairo na tsaye. Dakta ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta ajiye, ta tambaye ni sau biyu, "Kafin mu fara ta gaya miki?" Sau biyu na ce e. Sista ce ta yi magana.

"Saboda Sale? Mutumin da ya shekara talatin yana ganin mata tsirara a kan gadon nan? Ke kin ɗauka akwai kalmar da bai taɓa ji ba?"

Dakta ta sake duba Ladi, ita kaɗai wannan karon. Ƙullutun hanjin yana nan, ya kai girman goro. Ta rubuta takarda zuwa wani babban asibiti a Kano, ta kira Inna ta yi mata bayani, ta ce akwai abin da ya saura, kuskuren daga wajenmu ne. Ba ta ambaci sunana ba.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Likita, da bakinki kika ce an cire. Na gani a hoto, kowa ya gani. Yanzu in koma in ce wa ubanta za a sake buɗe ta, har a taɓa hanji? In wannan karon ma aka dawo aka ce akwai saura fa? Yarinyar nan amana ce a hannuna. Sau ɗaya na sa hannu aka kwantar da ita kamar gawa, Allah ya tashe ta. Ba zan sake ba."

Aka ba Ladi ƙwayoyin da ke tsai da al'ada, suna rage ciwon. Amma mai shan su ba ta ɗaukar ciki, ita kuma abin da ake jira daga gare ta ke nan. Takan sha wata uku ta huta, ta ajiye wata uku ta gwada sa'a, ta ciji zane.

Daga wannan shekarar aka canza abubuwa biyu, kun same su kun ɗauka haka suke tun asali. Na farko, kowace mace sai an gan ta ita kaɗai, ko da za a yi ƙaryar auna nauyi. Na biyu, kafin a sa wuƙa, nas ɗin da ta turo mara lafiya za ta tsaya ta faɗi duk inda ke yi mata ciwo, da babbar murya, da sunansa, kowa na ji. Na ga yadda kuke haɗiye rabin kalmomin in kun zo wajen. Ranar da na fara yi, Baba Sale bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "To, an ji," ya ci gaba da zuƙo allurarsa. Har yau bai san don me aka kawo tsarin ba.

Sau huɗu na je ƙauyensu Ladi a ranakun hutuna. Mota zuwa Miga, daga nan babur ya bi ta kan jinga tsakanin gonaki. Kowane zuwa Inna sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa a dama fura, ta ce maganar Kano dai a bar ta. Mijin ya ce shi abin da Inna ta ce. Takardar Dakta tana cikin kwallar Ladi, an naɗe ta a leda, ta fara yagewa ta wajen ninkin.

Zuwana na ƙarshe na same ta a bakin tukunyar shinkafa, tururi ya rufe ta, tana juyawa da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ƙugu. Da zan tafi ta rako ni har bakin jinga inda mai babur ke jira a inuwar giginya. A hanyar nan na gaya mata. Dakta ta ce daga wajenmu ne, amma ba ta ce wa ba. Na ce mata ni ce. Na ce saƙon da ta ba ni a baranda ban isar ba, akwai wani dattijo a ɗakin, aminin babana, na kasa faɗa a gabansa.

Muka ci gaba da tafiya. Wasu mata suka wuce mu da itace a ka, muka gaisa, suka yi nisa.

"Mai furfurar nan da ya ce mini amarya?"

"Shi."

Ta gyaɗa kai. "Ai kuwa da nauyi. Ni ma da ba zan iya ba."

Mun iso wajen babur. Na hau, ta sunkuya ta tattaro mini gefen mayafina da ke lilo kusa da taya, ta cusa mini shi a ƙarƙashin cinya.

"Ni na ɗauka ku masu fararen kaya an cire muku ita a makaranta," ta ce. "Da na san ke ma kina jin kunya, Sista, da ban ɗora miki ba. Ki yafe ni."